Tarihin Rayuwata, kashi na 9: Ranar da aka ce sugana ya hau

Assalamu alaikum 'yan uwa. Satin da ya wuce na tsaya a inda muka kai 'yata ta fari ɗakin mijinta a Marwa, na dawo Garwa, a nan Kamaru, jiki duk ya mutu, ina cewa gajiyar biki ce. Toh ashe ba ita ba ce, don wata biyu cur da gama bikin ban dawo daidai ba.

Abin da ya fara damuna shi ne ƙishirwa. Wanda ya san Garwa ya san zafinmu, daga watan uku zuwa na huɗu ko ruwan randa sai ya zama kamar an ɗora shi a wuta, don haka in mutum ya ce yana shan ruwa da yawa ba wanda zai ɗaga kai ya kalle shi. Amma ni nawa ya fara ne tun da sanyi, a watan ɗaya, ana hazo kowa na neman bargo ni kuma ina tashi cikin dare in shanye kofi biyu uku, bakina a bushe kamar na ci gari. Ga fitsari, wallahi akwai daren da na ƙirga sau shida na fita. Rigunan da aka ɗinka min na biki duk suka yi min yawa, maƙwabta na cewa Maman yara kin faɗa, ko kewar amarya ce, ni kuma in yi murmushi in ce ita ce. Sai ido, in zan zura zare a allura sai na kira auta.

Kun dai san sana'ata, na ba ku labarinta tun a kashi na huɗu. Shekara goma sha uku ina dafa folere, wato zoɓo, da lemon citta da na tsamiya, in ƙulla a leda in zuba a gora in sa a firiza yara su kai bakin kasuwa da tashar mota. Da ita na yi wa 'yata kayan ɗaki, da ita nake biyan kuɗin makarantar ƙananan idan maigida ya daɗe a hanyar Ngaundare da babbar mota. Kuma duk mai wannan sana'a ta san ba a zuba suga da ido, sai da harshe. Kowace roba sai na ɗanɗana, in ƙara, in sake ɗanɗanawa, a rana zan iya shan kofi biyar ko shida ban ma lissafa shi a cikin abin da na ci ba. Ga shayin safe da ƙwayar suga huɗu, da makala, wato fanke, mai zafi, ga lemon kwalba Top mai sanyi in rana ta take.

Ranar wata laraba na raka maƙwabciyata awon ciki a ƙaramin asibitin unguwarmu. Ina zaune a benci jiri ya ɗebe ni, sai wata nas ta lura ta tambaye ni da Fulatanci ko lafiya, na faɗa mata yadda nake ji. Ta ce Dada kawo yatsanki. Ta soka min 'yar allura, ta ɗiga jinin a kan wani ɗan tsinke da ke jikin na'ura kamar ƙaramar waya, muka zuba mata ido ni da ita tana ƙirgawa, sai ga 2,61. Ba ta ce komai ba da farko, ta dai kalle ni ta sake kallon na'urar, sannan ta tambaye ni me na ci. Na ce shayi da burodi da kofi ɗaya na folere. Ta ce ko da hakan ya yi yawa, amma na'urar yatsa ba ita ke yanke hukunci ba, gobe in je labo, wato ɗakin awon jini, da sassafe, kar in sa komai a baki daga bayan isha'i sai ruwa zalla, aƙalla awa 8.

A kan moto, wato babur, muna komawa gida ba abin da nake gani sai ƙafar Goggo. Goggona ƙanwar babanmu ce, a Pitowa take aure, tana sayar da daddawa ran kasuwar lahadi. Ƙaya ce kawai ta soke ta a tafin ƙafa, ba ta ma ji ba, sai da wurin ya fara ruwa yana wari aka gani. Aka yi ta shafe-shafe a gida wata da watanni ana cewa jifa ne, lokacin da aka kawo ta Garwa yatsun sun yi baƙi. Ni na yi jinyarta bayan an yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa, ina tuna yadda take miƙa hannu cikin dare za ta sosa wurin da babu. Ba ta cika shekara biyu ba ta rasu, Allah ya jiƙanta. A wurina ciwon suga shi ne wannan ɗakin da wannan warin, ban san wani abu game da shi ba bayan haka.

Daren nan ban runtsa ba. Na yi alwala na yi nafila na yi kuka, na haska ƙafafuna da tocilar waya ina duba tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya.

Washegari aka ɗebi jini a hannu, da azahar na karɓo takarda duk da Faransanci, glycémie à jeun 1,84 g/l, wato sugan jini kafin a ci komai. Kafin in ga likita na ɗauki hotonta na tura wa Yayata da ke aure a Yola don ita ma tana fama da shi. Ta kira ni tana dariya, ta ce ke dai kin cika tsoro, ɗaya da ɗigo takwas ai ba komai ba ne, ni nawa tara ne yau da safe. Har na fara jin sanyi a raina na ce ko in bar zancen ganin likitan in adana kuɗina. Allah ya taimake ni ban bari ba. Da na faɗa wa likita abin da Yaya ta ce, sai ya jawo takarda ya rubuta min, ya ce Hajiya ma'aunin ne ba ɗaya ba, kamar sefa da naira. Mu a nan da giram muke aunawa, su can wasu da wani ma'auni daban, wannan 1,84 ɗin naki a na'urar yayarki 10 ne da ɗan ɗoriya, a wata na'urar kuma 184 za ki gani, wato naki ya ma fi nata. Dan Allah duk mai 'yan uwa a tsallaken iyaka ya riƙe wannan, don saura kaɗan ya sa in koma gida in ci gaba da shan folere.

Ya ce mai lafiya in bai ci komai ba jininsa yakan tsaya tsakanin 0,70 zuwa 1,10, daga 1,26 zuwa sama in an auna sau biyu shi ake kira ciwon suga. Ya ce ba zai ɓoye min ba, da alamun da na lissafa da kuma tarihin gidanmu kusan ya tabbata, amma yana so a sake awon, a haɗa da wani da ake kira HbA1c wanda ke nuna yadda sugan ya kasance a jini wata uku da suka wuce, in ya kai 6,5 toh an gama magana. Na ce likita za a yanke min ƙafa? Ya ajiye biro ya ce a'a, wanda ake yanke wa shi ne wanda suga ya daɗe yana cin jijiyoyinsa shekaru ba a sani ba ko ba a kula ba, ke kin zo da ƙafarki. Ya ce akwai ƙwaya metformin da akan fara da ita, ba kowa ake wa allurar insulin ba. Abin da ya fi ba ni mamaki da ya ce ba sugan shayi kaɗai ba ne, tuwon masara da farar shinkafa da burodi da makala duk suga suke komawa a ciki, har zuma da mutane ke cewa magani ce. In rage tuwo ya dawo kamar dunƙulen hannuna, in yawaita miyar ganye, tafasa, zogale, kuɓewa, yakuwa, da wake da kifin Lagdo in ya samu, in riƙa tafiyar minti 30 bayan la'asar, kuma kar in sake yawo ba takalmi ko a tsakar gida.

Kafin magariba labari ya zagaye unguwa. Wannan ta kawo ganyen darbejiya, waccan ta ce shuwaka, wata ta ce hulba da tafarnuwa kwana bakwai an rabu da shi har abada. Na karɓa na yi godiya don da zuciya ɗaya suka kawo, amma na ajiye su gefe, na ga inda shafe-shafe da jiƙe-jiƙe suka kai Goggo. Maigida ya kira daga hanya, na yi niyyar ɓoye masa har ya dawo, da na ji muryarsa sai kuka ya ƙwace min. Ya yi shiru, can ya ce Maman yara ki yi duk awon da aka ce, ko nawa ne zan turo ta waya, sana'ar kuma in kin ga za ta cuce ki a bar ta.

Barinta kuwa ba zai yiwu ba, makaranta ba ta jira. Da asuba na tace folere kamar kullum, jan nan mai kyau, ƙamshin citta da kanumfari ya cika kicin, na zuba suga na juya, hannuna ya ɗauki kofi ya cika shi har ya kai bakina kafin in tuna. Na tsaya riƙe da shi na fi minti ɗaya. Sai na taso auta daga barci na miƙa mata, na ce ɗanɗana ki faɗa min. Ta kurɓa ido a rufe ta ce Mama saura kaɗan. Na ƙara gwangwani ɗaya, na ɗauko alli na rubuta a jikin ƙofar kicin gwangwani nawa ke shiga roba ɗaya, don daga yau da awo zan riƙa yi.

Ranar litinin aka sake ɗibar jinin, sun ce in koma alhamis. Ga azumi saura sati uku kuma ban ma tambayi likita ko zan iya ɗauka ba, shi ne abin da zan fara tambaya in na shiga. Sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu, ku sa ni a addu'a.