Tayar Honda 175 ɗin Baba

Shekara goma sha ɗaya babur ɗin mahaifinmu yayi a zauren gidanmu na Tudun Wadar Kaduna an lulluɓe shi da tampol, tun daga lokacin da ciwon ƙafa ya hana shi taka kik har Allah ya masa rasuwa, Allah ya jiƙansa da rahama. A 1975 ya saye shi da kuɗin Udoji, zamanin Gowon da aka ƙara wa ma'aikata albashi aka haɗa musu da ariya, shi kuma a lokacin yana malamin firamare. Honda CD175 ne, silinda biyu, giya huɗu, sarƙarsa a rufe ruf cikin gidanta ba'a ganinta. A kansa aka kai ni makaranta ranar farko, a kansa aka kai Hajiyarmu asibiti haihuwar autanmu, shi yasa da akazo rabon gado nace ni dai a bar min shi a cikin kasona, babu wanda yayi musu.

Injin bai bani wahalar da na zata ba. Aka wanke kafireta da tanki, aka canza fulogi da bakin mai, batir ne ma muka ɗan sha yawo saboda nashi mai bolt 6 ne ba 12 ba irin na baburan yanzu, a kik na bakwai ko takwas ya tashi da irin wannan ƙarar tasa mai taushi da duk ɗan gidanmu ya sani tun daga bakin layi. Taya kuwa ko kallo na biyu ban mata ba, dan zanenta na nan raɗau kamar jiya aka saka, mai faci ya bata iska ta riƙe, nace toh alhamdulillahi an rage min kashe kuɗi.

Sati na biyu aka yi ruwan farko. Na fito da yamma zan leƙa ƙanwata a Unguwar Rimi, kwalta ta jiƙe amma ba wani ruwa ne kwance ba, kuma wallahi ba gudu nake ba, ina shiga wani shataletale na ɗan kwantar da babur kawai sai naji gaban ya tafi, babu gargaɗi babu komai, sai gani a ƙasa babur yana jan gefensa a kwalta. Allah ya tsare motar dake bayana da nisa take. Gwiwa ta ƙuje, madubi ya fashe, murfin gefe da Baba ya shekara arba'in yana gogewa da tsumma ya samu tabo, wannan tabon har yau yafi min ciwo akan gwiwar.

Akwai wani dattijo mai faci a bakin titinmu tun muna yara yake wurin, shi na tura wa babur washegari. Bai ce komai ba sai da ya sa farce ya danna zanen tayar gaban, farcen ko shiga bai yi ba, sannan ya sace iskar ya matse gefenta da hannu biyu, sai ga tsaga ƙanana ƙanana sun buɗe kamar kaushin ƙafa a hunturu. Yace ɗana wannan ai ba taya bace kuma, katako ce, mahaifinka da kansa bazai hau wannan ba. Nace Baba amma zanen fa bai cinye ba. Yace ai roba ba sai an taka ta take mutuwa ba, tana zaune ma tsufa take, balle a zafin zaure shekara da shekaru.

Shi ya fara nuna min lambar shekara a jikin taya, daga baya na bi na karanta na ƙara fahimta. A gefen taya akwai layin da yake farawa da DOT, a ƙarshensa akwai lamba huɗu, galibi a cikin wani ɗan zagaye, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, wato idan kaga 2319 an yi ta a sati na 23 na shekarar 2019. Tayoyin da akayi kafin 2000 lamba uku ce dasu. Tayar gaban babur ɗin Baba lamba uku ce. Kenan na hau tayar da ta haura shekara ashirin na shiga ruwa da ita, alhali kamfanonin taya irin su Michelin cewa suke daga shekara biyar a riƙa dubata duk shekara, idan ta kai goma a cire ko da zanen bai taɓu ba.

Toh sai na faɗa kuskure na biyu, kuma shine ainihin abinda yasa na zauna rubuta wannan. Yaron dake min gyaran injin, yaro ne mai hannu bazan ci haƙƙinsa ba amma a kan baburan zamani ya koyi aiki, yace oga tunda zaka canza ai ka saka mai faɗi a baya, tafi riƙe ƙasa kuma babur ɗin zai fi cika ido. Maganar ta shige ni dan har lokacin tsoron faɗuwar nan bai sake ni ba. Aka kawo 110/90-17, tunda 17 ce ta hau wilin, da ƙyar da liba uku amma ta hau. Tun a ranar na fara jin wani sautin gurza daga baya idan na shiga rami, da na ɗauki goyo kuma abin ya ƙaru, na duba sai naga ta goge fentin gidan sarƙa har ƙarfe ya fito, can sama cikin madigadi ma ta fara barin baƙin layi. A kwana kuma babur ɗin sai ya riƙa yin gardama, ka kwantar dashi yaƙi sannan ya faɗa gaba ɗaya lokaci guda, tashi daga tsaye ma ya zama nauyi kamar a giya ta biyu nake tashi.

Sai da na zauna da biro da takarda na gane me ya faru. Tsofaffin babura da inci ake rubuta saiz ɗin tayarsu. Na Baba 3.00-17 ce gaba da baya, ma'ana faɗin tayar inci 3, wilin kuma inci 17, kuma a wannan tsohon tsarin tsayin gefen tayar kusan daidai yake da faɗinta. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, kenan inci 3 wajen milimita 76, a zahiri idan ta hau wili tana kai kusan 80. Sabon tsarin kuma da milimita ne, 110/90-17 na nufin faɗi milimita 110, tsayin gefe kuma kashi 90 cikin 100 na faɗin, wato milimita 99. Kaga na ƙara kusan santimita 3 a faɗi da kusan santimita 2 a tsayi, a wurin da Honda basu bar wani fili ba saboda gidan sarƙar nan. Tsayin ne ya sauya min giya, tayar ta ƙara girma injin na shan wahalar juyata. Faɗin kuma shine babbar yaudarar, dan wilin siriri ne, idan ka cusa masa taya mai faɗi sai ya matse bakinta, bayanta ya tashi yayi ƙozo, abinda yake taɓa kwalta ya ragu maimakon ya ƙaru. Riƙon ƙasan da na biya kuɗi dominsa shi na rasa.

Faɗin wili a rubuce yake a jikinsa, irin 1.60×17 ko 1.85×17, sai dai a tsohon babur tsatsa da datti kan rufe shi sai ka goge da buroshi. Kuma ina roƙon duk mai irin wannan babur ya duba wilinsa da idonsa kada ya dogara da sunan babur kawai, dan CD175 na farko farko da wili 16 suka zo, ga kuma shekara hamsin na hannun makanikai, wani an taɓa musanya masa wili da na wani babur ɗin tun kafin a haife ka. Taya 18 bata zama a wili 17, 17 bata hawa 18, nan babu dabara.

Wanda bai samu mai inci ba akwai na milimita da suke kusa, 2.75 tana kusa da 80/90, 3.00 kuma da 80/100 ko 90/90. Kusa nace ba daidai ba, kamfani da kamfani ma suna bambanta da ɗan milimita, saboda haka a gwada a ga ta wuce gidan sarƙa da madigadi, a sa mutum biyu su zauna shokazoba ta nutse a sake dubawa. A gaba kuma in ka sauya tsayi agogon gudu zai fara maka ƙarya tunda daga wilin gaba wayarsa take karatu.

Abin da ya bani haushi da daɗi lokaci guda shine ashe 3.00-17 ɗin ba wahalar samu take ba a Kaduna, ita ce saiz ɗin tayar bayan Bajaj Boxer, duk mai saida kayan babur daga Panteka har Kawo yana da ita a rataye. Dattijon nan yace a zamaninsu Dunlop ko Michelin ake saka wa irin wannan babur, lokacin kamfanonin biyu suna da masana'anta a ƙasar nan, Michelin a Fatakwal Dunlop a Ikeja, na farkon ya rufe a 2007 na biyun ya daina yi a 2008, yanzu kusan duk abinda zaka gani daga Indiya ne ko Chaina ko Tailan. A cikinsu akwai masu kyau sosai akwai kuma wanda ko a baro bazan saka ba. Ni dai na tsaya nace sai mai lambar shekara, dan ba kowace ce take da ita ba, wani mai shago har ya ɗan ji haushi da yaga ina juya taya ina haska fitilar waya, yace Alhaji duk sababbi ne a ledarsu. Ta farkon da ya miƙo min a ledarta take tsaf amma shekararta shida.

Na kuma duba sauran rubutun. Akwai lamba da harafi irin 50P, 50 ɗin nauyin da zata ɗauka ne kilo 190, P kuma iyakar gudu kilomita 150 a awa, wanda babur ɗin Baba ko a sabonsa bai kaiwa nan. A tayar baya na ɗauki mai 6PR, wato alamar ƙarfin jikin taya, saboda ramukan unguwa da goyo. A gaba ne na tsaya na dage, dan yawancin 3.00-17 na kasuwa zanen baya ne dasu mai gaɓa gaɓa, ni kuma mai layi layi a tsaye nake so irin wadda yazo da ita, ita ce take sa kan babur ya tafi sak baya rawa. Sai da nayi sati biyu wani ya samo min daga Kano. Wasu tayoyin akwai kibiya a gefensu mai nuna inda zasu juya, a tsaya a kan mai faci ya bi ta.

Da aka cire tsofaffin sai ga cikin wilin baya duk tsatsa, robar da take rufe kan sifoka ta rududduge ta zama gari. Wili mai sifoka irin wannan dole sai da tif, ko da tayar an rubuta mata tubeless, dan iska zata bi ramukan sifokan ta fita. Muka kankare tsatsar da samfefa aka shafa fenti ya bushe kwana ɗaya, aka sa sabuwar robar, tif ma sabo kuma na 17 daidai saiz, ban yarda da na 18 da aka ce min ai duk ɗaya ne ba, dan zai naɗe a ciki kuma daga wurin naɗin yake fashewa. Na sayi ɗan ma'aunin iska na aljihu nake dubawa da safe kafin taya tayi zafi, na daina yarda da bugun taya da sifana a ce min ta ƙoshi.

Sabuwar taya tana da ɗan santsi a farko, nayi wajen kilomita 150 ina lallaɓawa cikin gari kafin na yarda na kwantar dashi sosai. Ranar Juma'ar da ta wuce bayan la'asar na ɗauki babban ɗana muka bi Ali Akilu har gadar Kawo muka juyo, an yi yayyafi, na biyo ta shataletalen nan dai da na faɗi, babur ya kwanta ya tashi kamar yadda nake ji a bayan Baba ina riƙe da rigarsa. Mai faɗin tana nan a zaure an jingine ta inda babur ɗin ya shekara goma sha ɗaya, wani maƙocinmu mai babur ɗin daji yace zai zo ya gwada ko zata masa. Saura murfin gefen, har yanzu ina cigiyar mai fentin da zai iya haɗa min ainihin kalar.