Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ba Bakin Mutum Ba Ne

Makon jiya na tsaya a 1996, muna Fagge, na cika littafin rubutu guda da labarina na farko. Inna ajami kawai ta iya, don haka ni nake karanta mata bayan isha'i, tana ɓarar gyaɗa.

Na iso inda amarya take ce wa ango, "Aminu, ƙaunarka ta narkar da zuciyata." Inna ta ture faranti gefe. "Ke 'yar nan, wannan ba bakin mutum ba ne. A gidan wa mace take kiran sunan miji gatsal?"

Kwana biyu ina fushi. Amma ita ɗin ban taɓa jin sunan Baba a bakinta ba, sai dai "Malam". Yaya kuwa ɗan fari ne, "yaron nan" take ce masa har ya yi gemu. Ranar da zai tafi jami'a Zariya ko kallonsa ba ta yi ba. Cewa ta yi, "Ka ɗauki bargon, can da sanyi." Ta shige ɗaki. Ni na shiga na tarar tana kuka.

Daga nan na koma sauraro. Gidan biki, layin famfo, motar Kurmi. Na lura mai fushin gaske ba ta dogon zance, kuma kishiya da "sannu da aiki" take yanka. Maƙwabciyarmu Basakkwaciya "shina zuwa" take cewa, mu mu ce "yana zuwa", haka na bar wa kowa harshensa a takarda. Amaryata ma na cire mata narkewar zuciya, na sa ta ce, "Ruwan wankan zai huce."

Wannan layin shi mai buga littafin ya goge. Wai 'yan mata ba za su saya ba sai sun ga "ina son ka" ƙiri-ƙiri. Bai tambaye ni ba, kuma da sunana a bango. Ko a 2007 da aka ƙona littattafan soyayya a Kano, ina cikin baƙin cikin da kowa yake ciki, amma sai da shafin nan ya faɗo mini a rai. Har gobe ban yafe ba.

Da kwafin farko ya iso, Inna ta ce in karanta mata. Da na zo wurin sai na rufe bugun da tafin hannu, na karanto mata nawa da ka. Ta gyaɗa kai, ta ce, "To, yanzu mutum ya yi magana."