Kwana uku kafin a yi gwanjon gidan yayana

Jiya na raka yayana kotun tarayya a nan Amurka, har yanzu jikina bai gama dawowa daidai ba.

Bara aikinsa ya tsaya, ya yi wata bakwai bai biya bashin gida ba. Banki ya sa ranar gwanjo. Gidan da ya yi shekara 11 yana biya, inda aka haifi 'ya'yansa biyu. Ya ɓoye mana, saboda kunya, sai da matarsa ta kira ni tana kuka.

Saura kwana uku lauya ya shigar masa da takardar karayar arziki a ƙarƙashin Babi na 13 na dokar karayar arziki ta Amurka. Ashe sashe na 362 na dokar ya tanadi cewa da zarar takardar ta shiga kotu, gwanjo ya tsaya, masu bin bashi kuma dole su daina kira. Ba sai an jira alƙali ya zauna ba.

Amma fa ba yafe masa aka yi ba. Zai ci gaba da biyan kuɗin wata-wata, ya kuma biya abin da ya taru cikin shekara 3 zuwa 5. In ya sake fashin biya, banki na iya roƙon kotu ta ɗage dakatarwar.

Da muka fito na ce masa, "Yaya, don Allah me ya hana ka faɗa mana tun farko?" Shiru ya yi, idonsa ya cika da ƙwalla. Ya samu aikin tuƙi, ni ma zan riƙa tallafa masa duk wata. Ku sa shi a addu'a.