Kafin a ɗora giranda a jikin tsohuwar mota

Gardamar da ba ta mutuwa a tsakanin masu tsofaffin motocin Amurka guda ɗaya ce. Idan ka samu motar shekarun 1960 da ta daɗe jibge a rumfa, mayar da ita za ka yi yadda ta fito daga kamfani, noti bayan noti, ko kuwa inji da birki na zamani za ka sa mata ka more ta? Na yi aikin kanikanci a wani gareji a jihar Ohayo da ba ya taɓa komai sai irin waɗannan motoci. Na ga masu mayarwa sun ɓata mota, na ga masu sauyawa sun ɓata, kuma na ga kowannensu ya ceci wadda da ta tafi wurin 'yan gwangwan.

Zamanin waɗannan motoci masu ƙwanji, wato matsakaitan motoci masu ƙaton inji, gajere ne, bai wuce shekara goma ba. Yawanci daga 1964 ake fara lissafi, lokacin da John DeLorean da abokan aikinsa a Pontiac suka ɗauko injin V8 mai silinda takwas na manyan motoci, 389, wato lita 6.4, suka cusa shi a matsakaiciyar motarsu Tempest, suka sa mata suna GTO. Kamfanin General Motors yana da doka a lokacin da ta hana sa inji mai wannan girma a mota irin wannan, sai suka bi ta bayan gida, suka mai da shi ƙarin kaya da mai saye ke zaɓa da kansa. A shekarar farko an sayar da sama da 32,000. Daga nan kowa ya shiga kokawar. Dodge ta fito da Charger mai injin Hemi 426, Plymouth ta fito da Road Runner a 1968 a ƙasa da dala 3,000, Chevrolet kuma a 1970 ta sa wa Chevelle injin LS6 mai ƙarfin doki 450. Sai abubuwa suka taru a kansu lokaci guda: kuɗin inshora ya yi tashin gwauron zabo a kan matasa, aka kafa dokar tsaftace iska a 1970, kamfanoni suka rage matsin inji, sannan takunkumin man ƙasashen Larabawa na 1973 ya ƙarasa su. An daina sa Hemi 426 bayan 1971, GTO ta tsaya a 1974.

Ni a Kaduna na koyi sana'a, a ƙarƙashin Fijo 504. A can darajar bakanike ita ce mota ta tashi ta kai mai ita inda za shi. Inji ya buga, a sauke a ɗora wani, babu mai tambayar ko shi ne wanda aka haɗa ta da shi. Har gobe ina girmama wannan tarbiyyar, don ita ta koya mini gyara abin da wasu za su jefar. Amma a garejin Ohayo umarnin farko da maigidana ya ba ni shi ne kada in kwance komai sai na ɗauki hotonsa, kuma kada in jefar da komai, ko da wosha ce da ta yi tsatsa. Kowane noti yana da 'yar ledarsa, an rubuta inda aka cire shi.

Motocin da kansu ma suna tilasta wa mutum ya natsu. Motocin Chrysler na wancan lokacin, su Dodge da Plymouth, notin tayoyinsu na hannun direba a juye suke ɗauruwa. Idan ka duba kan kusar da kyau za ka ga an buga harafin L. Wanda bai sani ba zai kama sifana ya yi ta kwancewa alhali ɗaurewa yake, har kusar ta karye. An sha kawo mana motoci da kusoshin gefe guda a kakkarye saboda an kai su wurin masu sauya taya da ba su tsaya sun duba ba.

Motar da ta fi zauna mini a rai wata Road Runner ce ta 1969, mai injin 383. Wani saurayi ne ya gaje ta daga kawunsa, ya jawo ta a tirela da tsarinsa a rubuce: a sauke injin a sa Hemi na zamani, a yanke rumfar tayoyin baya a faɗaɗa don faffaɗar taya ta shiga, a huda ƙasan motar don sabon giyabos. Maigida bai ce masa eh ko a'a ba, ya ce ya ba mu lokaci mu duba ta.

Muka fara da ɗan farantin ƙarfen da ke ɗaure a cikin bonet ta hannun direba, wanda kamfani ke buga lambobin fenti da kujeru da sauran kayan da aka sa wa motar. Yana nan da sukurorinsa. Na shiga ƙarƙashi da tocila da burushin waya, na kankare baƙin mai da ya daskare a gefen injin, dab da inda kaskon mai ya haɗu da shi, a hankali lambobi suka fara fitowa. Sun yi daidai da ƙarshen lambar motar da ke kan dashbod. Na giyabos ma haka. Sai maigida ya ce in ciro kujerar baya in kifa ta. A tsakanin sifirin da soso ga wata takarda a maƙale, ta yi ja, gefenta ya zama gari, ɓera ya ɗan ci kusurwa guda. Takardar da ta bi motar a layin haɗawa ce, wadda ke gaya wa ma'aikata abin da za su sa mata, wani ya cusa ta a nan ranar da aka haɗa kujerar. Ban ja ta da hannu ba. Maigida ya ɗaga wayoyin sifirin ɗaya bayan ɗaya, ni kuma na zura kwali a ƙarƙashinta har ta fito a cike.

Da saurayin ya dawo, maigida ya shimfiɗa masa takardar a kan tebur ya ce, "Ɗana, motarka ce, abin da ka ga dama za ka yi da ita. Amma injin nan da giyabos ɗin nan tare suka baro kamfani da ita, kuma ba wanda ya taɓa raba su. Duk abin da kake so wanda sifana za ta iya ɗaurawa ta kuma kwance, zan yi maka. Yanka ne ba zan yi ba. In faffaɗar taya kake so, zan nemo maka bodin da aka riga aka yanka." Saurayin bai ji daɗi ba a ranar, amma ya yarda. Aka sa mata birkin faranti a gaba, aka sauya lagireto, aka sa taya ta zamani daidai rumfarta, tsofaffin kayan kuma aka shafa musu mai aka jera a akwatuna aka ba shi.

Road Runner ta 1969 ba ta cikin motocin da suka yi ƙaranci, an ƙera sama da 80,000. Ba ta kama ƙafar Hemi 'Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen sama ba, wadda duka-duka ba su wuce dozin ba, har aka sayar da ɗaya dala miliyan 3.5 a gwanjon Mecum a Siyatil a 2014. Irin wannan babu mai hankalin da zai taɓa. Abin da na koya a kan Road Runner ɗin shi ne ko mota tana da yawa, wadda ba a taɓa rabawa da kayanta ba kullum raguwa take, kuma ba a ƙera sabuwarta. Fenti ana sakewa, birki ana mayarwa. Ƙarfen da aka yanke kuwa ko gwanin walda ya mayar, mai ido zai gane.

Sai dai masu mayarwa ma ba su tsira ba. Akwai wanda zai kawo mota da fentinta na asali, ya ɗan koɗe ne kawai, ya ce a kankare a fesa sabo mai ƙyalli. Garin neman gira a rasa ido. Kamfanonin nan da sauri suke aiki, fenti yana fantsama inda bai kamata ba, ƙofa ba ta zama daidai, akwai alamun alli da ɗigon fenti da masu dubawa ke bari a ƙarƙashin mota. Idan aka goge duk wannan aka mai da ita sumul, an samu abin da bai taɓa fitowa daga Ditiroyit, cibiyar kamfanonin motocin Amurka, ba, an kuma share shaidar da masu gyara na gaba za su duba. Daga nan sai mai ita ya ji tsoron hawanta, ta koma daga tirela sai filin baje koli. Roba ta bushe, birki ya kama, fetur ya ruɓe a kafireta. Mun gyara motocin da zama ya lalata da yawa.

Duk wanda ya tuƙa ɗaya daga cikinsu yadda take a asali, a cikin cunkoson yau, zai fahimci masu sauyawa. Ƙarfin injin ya fi ƙarfin birkin nesa ba kusa ba. Da yawansu birkin ganga ne gaba da baya, in ya yi zafi sai ka taka ka ji babu. Waɗanda aka ƙera kafin 1967 yawanci layin man birkinsu ɗaya ne, tiyo guda ya fashe duka ƙafa huɗu sun tafi. Bel ɗin kujerarsu na ƙugu ne kawai. Fetur ɗin ma ya sauya, an cire masa dalma, an gauraya shi da itanol mai cin tsofaffin robobi. A motocin Chrysler duk wutar caji ta cikin dashbod take bi, mahaɗar wayoyin ta tsufa ta yi zafi ta narke, wani lokaci har gobara. A nan ba na jayayya da kowa. Motar da za ta ɗauki iyali ta hau babban titi, a sa mata birki mai layi biyu, a sabunta wayarin, a sa bel mai ratsa kafaɗa.

Akwai kuma motocin da sauyawa ce kaɗai za ta raya su. Ford ta ƙera Mustang sama da 600,000 a 1966 kaɗai, da yawansu masu silinda shida ne. A Ohayo da Mishigan gishiri ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara, shi ya sa motar can sai ka ɗaga kafet ka hangi ƙasa. Mustang kuma tana da wata cuta tata, ruwa yana taruwa a akwatin iskar da ke gaban gilashi ya cinye shi ta ciki ya riƙa zuba a ƙafar direba. Mukan bi jikin mota da ɗan maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa fila ce aka cika. Motar da rabin jikinta fila ce, injinta na asali ya daɗe da tafiya, kuɗin mayar da ita zai ninka abin da za a saye ta. A sa mata V8, a sa giya biyar, a sa esi, a shimfiɗa farantin ƙarfe a kan tankin mai, tunda a waɗannan shekarun saman tankin shi ne ƙasan but. Ta tashi ta yi gudu. Ko da yake ni a raina, injin Ford ya zauna a Ford. Na san injin LS na General Motors yana da araha, yana da ƙarfi, kayansa ko'ina akwai, amma idan na buɗe bonet goma na tarar da shi a takwas, sai in ji an rage wani abu. Kowane gida da irin kukansa, mai kunne yana bambance Pontiac da Chevrolet tun daga nesa.

Inda maigidana ba ya sassauci ko kaɗan shi ne ƙarya. Daga 1969 zuwa 1971 lambar Chevelle ba ta nuna ko SS ce, wato samfurinta mai babban inji, kuma Chevrolet ba ta bar cikakken kundin da za a koma a duba ba, saɓanin Pontiac da Ford da ake iya nemo takardun motocinsu. Wannan ya buɗe ƙofa. Mutum zai sayi Malibu, wato Chevelle ta gama-gari, mai ƙaramin inji, ya sa mata bonet da tambarin SS da injin 454, farashi ya ninka. LS6 da aka ƙera a 1970 ba su kai 5,000 ba, amma masu sana'ar sun san jabunsu sun cika kasuwa. Yin kwaikwayon ba laifi ba ne, mun haɗa wa mutane da dama, kuma suna da daɗin tuƙi fiye da na gaskiyar don ba ka jin tsoron su. Sharaɗin shi ne a rubuta a takardar aiki cewa Malibu ce aka sauya. Wani ya taɓa kawo mana inji ya ce a goge lambar da ke jikinsa a buga ta motarsa, ya kuma sa kuɗi masu kauri. Maigida ya ce, "Yallaɓai, ɗauki injinka. Wanda zai saye ta bayanka ma ɗan wani ne, ƙila kuɗin fanshonsa zai zuba." Na taya shi ɗora injin a bayan motarsa.

Idan aka tambaye ni wadda na fi so, Charger ta 1968 ce, mai fitilun gaba a ɓoye da zagayayyun fitilu huɗu a baya, da gilashin bayan nan da ya lotsa tsakanin kafaɗu biyu. Ba Hemi nake buri ba, don kafiretocinta biyu ba sa ƙaunar zirga-zirgar cikin gari. 383 ta ishe ni. In Allah ya hore mini, daga Arizona ko Kalifoniya zan nemo ta, inda gishiri bai ci ta ba. Zan sa mata birkin faranti a gaba da taya ta zamani, in raba wutar caji da dashbod, in sauya duk tiyon mai, in ajiye tsofaffin kayan a akwati da sunan kowanne. Fentin kuwa, muddin na kamfani ne, wankewa kawai zan yi in goge shi da man gogewa, in hau ta zuwa aiki duk ranar da ba a zuba gishiri a titi ba.