Asabar a Havre de Grace

Jiya da dare wani dattijo dillalin tsofaffin kaya ya yi mini waya, wai an kawo masa agwagin katako daga wani gida da aka raba gado. Da na idar da sallar asuba ko shayi ban tsaya sha ba, na kama babbar hanya daga Baltimore, nan Amurka, zuwa Havre de Grace, garin da kogin Susquehanna yake zubewa cikin ruwan Chesapeake.

Mutanen garin nan ba su da hira sai ta agwagwa, har gidan tarihi suka gina wa ta katako. A da, in sanyi ya shigo, agwagin daji kan sauko daga arewa su rufe ruwan, musamman mai jan kai da farin baya, wadda manyan otal-otal ke rububin namanta. Maharbi sai ya zuba na katako birjik a kan ruwa, ya kwanta cikin wani akwati da ke nutse daidai da fuskar ruwan. Na sama su hango 'yan'uwa suna kiwo, su sauko, shi ke nan. Dabarar maharbanmu ce da ke ɗaura kan burtu a goshi suna rarrafe. Wata doka ta 1918 ta kashe cinikin naman tsuntsayen, a 1935 kuma aka hana akwatin. Daga baya na roba suka cika kasuwa, na katako wasu suka ƙare a murhu.

Na tarar dattijon ya jera agwagin a kan tebur. Biyu daga ciki sai sheƙi suke, fenti rangaɗau. Ya kashe wutar shagon, ya haska su da wata fitila mai shuɗin haske, sai ga sabon fentin ya fito dabbare-dabbare a kan tsohon. Ya girgiza kai ya ce, "Jikan mamacin ne ya ga sun tsufa, ya ce bari ya gyara." Gyaran da ya zubar da fiye da rabin kuɗinsu ke nan. A wannan harka fentin asali shi ne komai, ko da ya koɗe ya goge.

Ni wata can gefe ce ta ɗauke mini hankali. Wuyanta ya tsage, an taɓa ɗinke shi da ƙusa. Na kifa ta: ga dalmar da ke daidaita ta a ruwa, ga zoben ɗaura igiya duk tsatsa, ga haruffa biyu da mai ita ya ƙona da ƙarfe don kada ta ɓace cikin na wasu. A haƙarƙarinta na shafa 'yan ramuka, na sa farce sai na ji ƙwayar harsashi tana nan ciki. Wannan ta sha ruwa, ta sha wuta.

Dattijon ya ce yana kyautata zaton daga shagon marigayi Madison Mitchell ta fito, mutumin garin nan da sana'arsa ta asali shirya gawa ce, yana sassaƙa a gefe har ya yi dubbai. Zato ne kawai, ni ma a kan zato na yi tayi. Abin yana ba ni dariya yadda manyan masassaƙan nan da yawansu masu wata sana'a ne; 'yan'uwan nan Lem da Steve Ward na Crisfield masu aski ne. Amma a 2007 an sayar da biyu na wani masassaƙi mai suna Elmer Crowell, kowace sama da dala miliyan ɗaya. A ganina wannan ya wuce sha'awa, ya zama ajiyar masu kuɗi.

Mun ja ciniki har azahar. Ya rage kaɗan, ya ƙara mini da gargaɗi: kada in wanke ta, kada in shafa mata mai, kada in ajiye ta kusa da na'urar ɗumama ɗaki, itacen zai ƙara tsagewa.

Da na iso gida uwargida ta ɗaga jaridar da na naɗe ta, ta dube ni ta ce, "Maigida, wani gunkin kuma? Wallahi ba dai a falona ba, nan muke sallah." Ban yi musu ba, na sauka da ita ɗakin ƙasa wurin sauran. Nawa na saya ne dai har yanzu ba ta tambaya ba, ni kuma ban ga dalilin yin gaggawa ba.