Abin da mariƙin madubin bindiga ya koya mini a bencin gyara

Na yi shekaru ina aiki a ƙarƙashin wani dattijo a cikin garin Bauchi, wanda yake da izinin hukuma na gyaran bindigogin farauta, kuma dokar shagonsa ta farko ita ce ba a ɗora bindiga a kan benci sai mai ita ya nuna lasisinsa. Yawancin abin da ake kawo mana bindigogi ne masu baki ɗaya ko biyu, irin waɗanda ake harbin zabin daji da zomaye da su, kuma waɗannan ba ruwansu da madubi. Raifal mai madubin saiti sai jefi-jefi muke gani, amma kusan duk wadda ta zo, ƙorafin mai ita guda ne: jiya ya saita ta tana bugun inda ya nufa, yau kuma harsashi ya kama gabansa. Sau da yawa laifin yana wurin mariƙin da ke haɗa madubin da jikin bindiga, wato zobba biyu da mazauninsu, abin da bai cika tafin hannu ba.

Karona na farko da mariƙi marar nauyi ya zo ne ta hannun wani Alhaji mai gona a wajen Dass, wanda mugun dawa ya addabi masararsa. Ya kawo zobban alminiyam, ƙarfen da maigidana yake kira goran ruwa, ya ce duwatsun can sun ishe shi da hawa, yana son a rage wa kafaɗarsa kaya. Ni aka bai wa aikin, kuma a lokacin ina ji da ƙarfin damtse, na kama alanki, wato ɗan makullin ɗaure noti, na murɗa kowane noti har sai da na ji ya daina motsi, sannan na ƙara masa kaɗan don samun natsuwa. Bayan mako uku Alhaji ya dawo da takardar gwaji a hannunsa, ramukan harsashi sun warwatsu a kanta kamar an watsa tsaba. Ban yi wata-wata ba na ce, "Alhaji, ai wannan ƙarfen ba na aiki ba ne, da na baƙin ƙarfe ka saya." Maigida bai musa mini a gaban baƙo ba, sai da Alhaji ya fita ya ce, "Ɗana, kwance shi mu gani kafin ka yanke wa goran ruwa hukunci."

Da muka kwance, sai ga kunyata a fili. Haƙoran rami ɗaya na cikin zoben sun cinye saboda murɗar da na yi, don haka notin yana zaune ne kawai ba ya riƙe komai. Bututun madubin ya sami ɗan lotsawa a inda zoben gaba ya shaƙe shi, ramukan da ke saman bindigar kuwa cike suke da man da ban goge ba kafin in ɗaura mazaunin. Babu ko ɗaya daga cikin laifuffukan nan uku da ya shafi rashin nauyin mariƙin.

Daga ranar na fara lissafin da ya kamata in yi tun farko. Idan tazarar zobba biyu ta kai milimita 100, kuma ɗaya daga cikinsu ya goce da kashi ɗaya cikin goma na milimita, wanda bai wuce kaurin takardar rubutu ba, harsashi zai kauce da kusan santimita 10 a nisan mita 100. Wannan ya isa a raunata dabba ta gudu da ciwo cikin daji maimakon ta faɗi nan take, abin da duk maharbin kirki yake ƙyama. Motsin da ke lalata saiti ido ba ya ganinsa, hannu ma ba ya jinsa idan an girgiza madubin, shi ya sa masu bindiga suke rantsuwa cewa komai a ɗaure yake alhali ba haka ba ne.

Na kuma koyi cewa alminiyam iri-iri ne. Nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe, giram 2.7 a kowane ɗan murabba'in santimita mai tsawo da faɗi da kauri ɗaya, inda baƙin ƙarfe yake kusan giram 7.8. Masu ƙera mariƙi na ƙwarai suna amfani da nau'in 6061 ko 7075, kuma na biyun, wanda ake aikin jiragen sama da shi, ya fi na farkon ƙwari nesa ba kusa ba. Ana sassaƙa su ne daga dunƙulen ƙarfe, ba zuba su ake yi a mazubi ba. Na jabu kuwa, waɗanda suke zuwa da sunan kamfani a kwali amma babu gaskiya a ciki, idan suka karye za ka ga cikinsu da ƙananan ramuka kamar burodi, notinansu kuma suna lanƙwasewa kafin su kama. Araha ba ta ado, kuma irin waɗannan ne suka ɓata wa mariƙi marar nauyi suna a wurin mutanenmu.

Abin da ya fi ɗaure mini kai da farko shi ne yadda naushin bindiga yake aiki a kan madubi. Idan aka harba, bindigar ce take komawa baya da ƙarfi, madubin kuma saboda nauyinsa yana son ya tsaya inda yake, don haka sai ya riƙa zamewa gaba a cikin zobba. Gwargwadon nauyin madubi, gwargwadon wahalar da notina za su sha a kowane harbi. Mutumin da ya sayi siririn mariƙi don rage nauyi, sannan ya ɗora masa ƙaton madubi mai bututun milimita 34 a kan bindiga mai naushi, ya ɗora wa jaki kayan raƙumi. Saboda wannan dalili ne kuma ake tura zobe gaba har ƙusar da ke ƙarƙashinsa ta jingina da bangon tsagin mazauni kafin a ɗaure, domin kada a bar masa gurbin da zai yi gudu a ciki. A nan ma akwai tarko, domin mazauni irin na Picatinny, wanda sojojin Amurka suka tsayar da ma'auninsa a 1995, faɗin tsaginsa milimita 5.23 ne, na Weaver kuma kusan 4.57. A ido kamar ɗaya suke, amma zoben Weaver yana samun sarari a cikin tsagin Picatinny, na Picatinny kuwa galibi ba ya shiga na Weaver, kuma na sha ganin inda aka tilasta shi da guduma.

Bindigar iska mai sifirin, wadda matasa suke harbin kurciya da ita, ta fi manyan bindigogi azabtar da mariƙi, ko da yake mutane ba sa yarda idan na faɗa. Naushinta biyu ne, ɗaya baya ɗaya gaba, kuma na biyun yana sa zobba su riƙa rarrafe baya a kan tsagin saman bindigar mai faɗin milimita 11 har su kai ƙarshe, sai dai idan an sa mariƙi mai ɗan turken da ke shiga ramin saman bindigar.

Akwai lokacin da na damu ƙwarai da zafi, domin alminiyam yana buɗewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, kuma tsakanin sanyin asubar hunturu da ranar watan Afrilu a Bauchi akwai tazara babba. Da na yi lissafi sai na ga bambancin a kan mazauni mai tsawon santimita 15 bai kai kaurin rabin takarda ba, kuma tsawon bindigar yake bi, ba ya karkatar da madubin. Abin da ya fi cutarwa a wurinmu shi ne gumi da ruwan damina, waɗanda suke sa notin baƙin ƙarfe ya manne a cikin alminiyam da wani farin gari, sai kuma jijjigar babur a kan hanyar ƙauye, wadda take kwance noti fiye da harbi ɗari.

Yau idan aka tambaye ni wanne za a saya, sai in fara tambayar nauyin madubin da yadda ake ɗaukar bindigar. Mai yawo a ƙafa cikin duwatsu da ƙaramin madubi, nakan ba shi shawarar mariƙin alminiyam na ƙwarai wanda zobe da mazauninsa a haɗe suke, irin wanda kamfanin Talley ya yi suna da shi, domin duk mahaɗar da aka rage an rage wurin da zai iya motsi. Mai ɗaure bindiga a bayan babur da babban madubi kuwa, baƙin ƙarfe nake nuna masa, ina kuma gaya masa gaskiya cewa nauyin da yake son ragewa bai kai rabin ledar fiya wata ba.

Mariƙin Alhaji na biyu irin na farkon ne sak, maigida ne ya nace a kan haka, kuma ni ya sake bai wa aikin. Na wanke ramukan da sinadarin cire mai, na ɗiga wa notinan mazauni shuɗin gam na Loctite, na zobba kuma na bar su a bushe, domin gam yana sa noti santsi har a wuce ƙima ba a sani ba. Na ɗaure su da sukurudireba mai ma'auni, bi da bi a giciye, zuwa inci-fam 17 da takardar mariƙin ta faɗa, ƙarfin da yatsu uku suke iya bayarwa. Sannan na ja ɗan layin farin fenti daga kan kowane noti zuwa jikin zobe, na kuma ja wani a kan bututun madubin. Duk ƙarshen damina Alhaji yakan kawo bindigar a duba, kuma kafin in taɓa alanki layukan nan nake fara kallo, in ga ko har yanzu suna fuskantar juna.