Hotuna daga wayoyi daban-daban: yadda na mayar da su tsari ɗaya

An ɗora mini aikin tattara hotunan da za a saka a wani rahoto, kowa kuma ya turo nasa yadda wayarsa ta ga dama. Masu iPhone sun turo HEIC, tsarin da Apple ya koma wa a 2017, kwamfutata kuwa ta ce ba ta san shi ba. Waɗanda aka sauko da su daga intanet sun zo a WebP na Google. Tambarin kuma PNG ne.

Wani ya ce in goge .heic daga ƙarshen sunan in rubuta .jpg, wato alamar tsarin JPEG, shi ke nan. Wannan canza suna ne kawai, abin da ke cikin fayil yana nan daram. Sai manhaja ta buɗe hoton ta sake rubuta shi. Na yi aiki da GIMP, wadda kyauta ce, masu yawan kuma na bar wa ImageMagick, don layin umarni ɗaya ke juya folda guda.

JPEG ne ya fi koya mini hankali. Tun 1992 dabararsa ɗaya ce: yana raba hoto zuwa ƙananan murabba'ai masu ɗigo 8 sau 8, ya zubar da bayanan da ido bai cika lura da su ba. A hoton fuska ko na fili, na sa inganci a 85 cikin 100, nauyi ya ragu sosai, ban ga bambanci ba. Amma da na gwada shi a kan jadawali mai rubutu, gefen haruffa ya yi dabbare-dabbare. Kuma duk sanda ka gyara ka sake ajiyewa, sai ya ƙara zubar da wani abu. Na mayar da wani dusasshen JPEG zuwa PNG don in ga ko zai farfaɗo. Ina! Nauyi kawai ya ƙaru, dusashewar tana nan. PNG ba ya zubar da komai, amma abin da ya tarar shi yake adanawa. Shi ya sa na ware asalin hotunan a folda dabam, kwafi kaɗai nake taɓawa.

Tambarin ban kai shi JPEG ba, don JPEG bai san bango marar launi ba, zai cike wurin da fari ko baƙi. Don bugu babba na nemi SVG, wanda zane ne na lissafi, ko ya ya ka faɗaɗa shi ba ya fashewa.

Hoton waya yana ɗauke da bayanan EXIF, wato bayanan da kyamara ke ɓoyewa a cikin fayil game da hoton, wani lokaci har da wurin da aka ɗauke shi, don haka na goge su kafin rahoton ya fita. Sai dai a cikinsu ne ake rubuta ko hoton a tsaye yake ko a kwance. Na fara daidaita juyin kowane hoto tukuna, sannan na goge. In aka yi akasin haka, hotunan tsaye kan fito a kishingiɗe.